WANKIN GILASHI DA SANDA MAI RUWA
Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

An shirya wannan jawabi domin Sarkin Maska Hakimin Funtuwa, da Galadima Hakimin Malumfashi, da Makama Hakimin Bakori, da sauran hakiman kudancin Katsina, tare da malaman da ke riƙe musu littattafan ofis. Maganar wankin gilashi ce, da irin kayan da ya kamata a saya domin wannan aiki, da abin da za a yi in kayan sun ƙi.

1. DALILIN MAGANAR

A zamanin En'e gilashi sai a tagar ofis da ta asibiti, in ya yi ƙura masinja ya sa tsumma ya goge, magana ta ƙare. Yanzu kuwa akwai wani gilashi wanda lafiyar talakawa ta rataya a kansa, watau farantin sola, wanda ke juya hasken rana ya zama lantarki. A ƙauyuka da yawa shi ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, shi ke kuma riƙe firijin da a ke ajiye maganin allurar rigakafi. Wannan magani dole ya zauna cikin sanyi tsakanin digiri 2 da digiri 8. In ya daɗe cikin zafi ƙarfinsa ya tafi, ko da ido bai ga ya sake ba.

Babban abokin gaban farantin nan shi ne ƙura. Daga Nuwamba har Maris iskar hunturu ta kan kwaso ƙura mai laushi kamar gari daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ta zube ta a ƙasar Hausa. A wannan yanki kuma lokacin ya zo daidai da sussukar dawa da masara, da jigilar auduga, da ƙunar daji, ga kuma ƙurar motoci a hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi. Farantin kuwa a kishingiɗe kaɗan a ke kafa shi, yana fuskantar kudu, saboda haka abin da ya sauka a kansa ba ya gangarewa sai ruwan sama ya zo. In ƙura ta yi kauri famfo ya kan makara da safe, ya tsaya tun kafin la'asar, mata su koma rafi. Sau da yawa a kan aika a kira makanike daga birni, alhali kuwa wanki kaɗai abin ke so.

2. YADDA SANDAR TA KE

Sanda ce doguwa mai gaɓa-gaɓa, wata cikin wata, a kan zaro ta gwargwadon tsawon da a ke so. A kanta akwai buroshi mai laushi, siririn tiyo kuma ya bi ta cikinta ya kai ruwa tsakiyar buroshin ta wasu 'yan ƙofofi biyu. Ƙaramin famfo mai batir ke tura ruwan daga jarka ko tanki. Mai wanki yana tsaye a ƙasa, ya cuɗa gilashin da buroshi, sa'an nan ya ɗaga buroshin kaɗan ya ɗauraye daga sama zuwa ƙasa, ya bar shi ya bushe da kansa. Ba sabulu, ba tsumma, ba tsani.

A Ingila wannan dabara ta yaɗu ƙwarai bayan shekara ta 2005, sa'ad da aka kafa dokar aiki a bisa, wadda ta ce duk aikin da za a iya yi daga ƙasa kada a hau sama dominsa. Hikimar dokar ta shafi ko ina. Mai gadin da ya faɗo daga kwanon asibiti ko daga hasumiyar tanki, iyalinsa gaban hakimi za su zo.

3. RUWA TUKUNA

Wannan shi ne jigon jawabin, a kuma riƙe shi da kyau: ruwa ke yin wanki, sanda isar da shi kaɗai ta ke yi. Tun da ya ke ba a goge gilashin, duk abin da ke cikin ruwan a kansa zai zauna bayan ya bushe. Ruwan rijiya da na burtsatse sun ratsa ƙasa da duwatsu, sun narkar da gishirin ƙasa iri iri wanda ido ba ya gani. Shi ne farin nan da ke kama cikin butar shayi. In aka yi wanki da irin wannan ruwa mako bayan mako, gilashi ya kan yi ɗige-ɗige fari wanda buroshi ba ya fitarwa.

Akwai ɗan ma'auni mai kama da alƙalami, a na ce da shi ma'aunin T.D.S. A kan tsoma shi cikin ruwa ya nuna lamba, watau yawan abin da ya narke a ciki. Masu sana'ar wankin taga su kan so lambar ta kasa 10. Farantin sola ya kan jure fiye da haka, amma ko yaushe ƙaramar lamba ta fi. Rijiyoyi biyu a unguwa guda su kan bambanta, saboda haka kada a sayi kome sai an auna ruwan wurin da za a yi aiki. A sani kuma ruwan da ya yi kyau ga sha, har da na leda, ba lalle ne ya yi kyau ga gilashi ba.

Hanyoyin samun ruwa mai kyau uku ne. Ta fari, tulun rezin: wasu ƙwayoyi ne ƙanana kamar gero, ruwa ya bi ta cikinsu su tsotse gishirin. Ba ya bukatar lantarki, amma ƙwayoyin su kan gaji, kuma gwargwadon gishirin ruwa gwargwadon saurin gajiyarsu, sai an yi ta sayen sababbi. Ta biyu, matatar R.O., wadda ke matsa ruwa ta cikin wani tantani. Ta na da kyau ga babban asibiti ko kamfani, amma ta na so a tura mata ruwa da ƙarfi, ta na kuma zubar da wani kashi nasa. Ta uku, ruwan sama, wanda Allah ya tace ya aiko kyauta. Shi ya fi dacewa da ofishin hakimi da asibitin ƙauye.

Ga lissafi. A ce asibiti na da faranti 10, jarka guda mai lita 25 ta ishe su wanki ɗaya. In a na wanki ko wane mako daga Nuwamba zuwa Maris, kimanin makonni 22 ke nan, watau lita 550. Ashe tanki guda mai lita 1,000, in an cika shi cikin Satumba an rufe, ya ishi farantan da tagogi har damina ta kewayo. A bar ruwan farko ya wanke kwano ya zube kafin a tara, a tace da ƙyalle, a ajiye tankin a inuwa don kada ya yi gansakuka, a sa masa kwado. In ruwan sama ya yi kaɗan, a cuɗa da na burtsatse, a ɗauraye da na sama.

4. ZAƁEN SANDA DA SAURAN KAYA

Tsawo. A auna daga ƙasa zuwa can ƙarshen gilashin da ya fi nisa, a saya daidai da haka da ɗan ƙari. Sandar mita 5 ko 6 ta ishi yawancin ofisoshin da ba bene ba. Wadda ta wuce bukata nauyi ce kawai, wuya da kafaɗa ke biya.

Abin da aka yi ta da shi. Ta alminiyum, watau goran-ruwa, ta fi araha, ta na da nauyi, in ta lanƙwashe kuma gaɓoɓin ba su shiga juna. Ta zaren gilashi matsakaiciya ce ga kuɗi, ta na da kyau ga gajeren gini, amma in ta yi tsawo ta kan yi lilo. Ta zaren kabon ta fi duka sauƙin ɗauka da tsayawa sak, ta fi su tsada, mai benaye da yawa ke bukatarta. Inda kuɗi ba su kai ba, busasshiyar gora madaidaiciya ta isa: a ɗaura mata buroshi mai laushi, a bi jikinta da siririn tiyo a ɗaɗɗaure.

Maƙullan gaɓa. Su ke fara lalacewa. A zaɓi irin waɗanda a ke ƙara matsewa da noti, a kuma tambayi mai sayarwa ko a na samun na canji. In babu, araha ba ta ado.

Buroshi. Gashinsa ya zama mai laushi, gefensa kada ya kasance da ƙarfe a fili. Gilashin da aka karce ya karcu har abada.

Famfo. Mai batir na bolt 12 wanda ke ba da lita 1 zuwa 2 a minti ya isa. Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi kada ya kusanci farantin sola, gama ya kan tura ruwa ta gefen gilashi. Tun da ya ke ƙasar nan ta manoma ce, injin feshi na goyo mai lita 16 ba ya wuyar samu a kasuwar Funtuwa, da kayan gyaransa da masu gyaransa, kuma a na iya haɗa tiyonsa da na sanda. Amma da sharaɗi: sabo fil za a saya, a rubuta masa suna, a keɓe shi. Wanda ya taɓa ɗaukar maganin ciyawa ko na ƙwari kada a kai shi kusa da rijiya ko asibiti ko da an wanke shi sau goma.

5. IN KAYA SUN ƘI AIKI

A fara da abu mai sauƙi kafin a kwance famfo.

Ɗige-ɗige bayan gilashi ya bushe: a auna ruwa. In lambar ta hau, rezin ya gaji ko wani ya zuba ruwan rijiya a tanki. In ruwa lafiya, to ɗauraya ce ba ta isa ba, ko buroshi ya yi dauɗa.

Zane-zane masu gangarowa daga sama: ƙura ce da ta maƙale a katako ko ƙarfen saman taga. A fara wanke shi, a dakata ya tsane, sa'an nan a ɗauraye gilashin.

Ruwa ya ragu: a bi tiyo tun daga tanki a ga ko ya naɗe ko an taka shi. Sa'an nan a duba 'yar rariyar bakin famfo, da 'yan ƙofofin buroshi, waɗanda tsaba guda ta yashi ke iya toshewa. A tsokace su da allura.

Famfo na ƙara amma ba ruwa: ya sha iska. A cire tiyon sanda, a bar famfo ya yi ta aiki har ruwa ya fito sosai, sa'an nan a mayar. In ya riƙa yin haka, akwai mahaɗin da ya saki a wajen tanki.

Famfo na tsayawa yana tashi: akwai abin da ya toshe gaba, ko batir ya yi sanyi. A yi cajinsa bayan ko wane wanki, kada a bari ya mutu ƙurmus.

Gaɓa na zamewa, ko ta ƙi shiga: a ƙara matse maƙulli kaɗan. In ƙura ce ta shiga, a zare gaɓoɓin a wanke da ruwa. Kada a shafa musu mai, gama mai ƙura ya ke kamawa.

Kashin tsuntsu: a jiƙa shi ya yi laushi, kada a kankare da wuƙa. Kada kuma a raina shi, domin ƙananan gidajen da ke cikin faranti a jere su ke kamar ɗinkin tasbaha, in aka rufe guda sauran su kan raunana, wurin kuma ya yi zafi.

6. ABUBUWA UKU MASU HAƊARI

Na ɗaya, wayar lantarki. Alminiyum da kabon duk wuta na bin su, gora da zaren gilashi ma in sun jiƙe ba abin amincewa ba ne. Ƙa'idar ita ce, in sanda za ta iya kai wa waya sa'ad da ta kuɓuce ta faɗi, ba a aiki a wurin.

Na biyu, fasasshen faranti ko wayar da ɓera ya ci. Farantan da aka haɗa a jere su na ɗauke da wuta mai kisa muddin akwai rana. A duba tukuna. In an ga tsaga, kada a zuba ruwa, a kira ma'aikacin da ya kafa su.

Na uku, zafin rana. Da tsakar rana faranti ya kan wuce digiri 60, ruwan sanyi kuwa na iya tsaga gilashi mai zafi, ya kuma bushe kafin a ɗauraye. Lokacin wanki daga bayan asuba ne zuwa hantsi. Malamai kuma su rufe tagogi su janye littattafai daga gindinsu kafin a fara, musamman tagogin nan masu gilasai jere-jere, gama ruwa na ratsa su.

7. ABIN DA A KE NEMA GA HAKIMI DA MALAMINSA

Kayan kowa da kowa ba su da mai su. Saboda haka a na roƙon ko wane hakimi ya umurci dagatai da masu unguwa su ba da sunan mutum guda ga ko wace rijiyar sola da ko wane asibiti, wanda wanki ke wuyansa, da wanda zai tsaya masa in ba ya nan. Malami ya buɗe littafi mai layi huɗu: ranar wanki, lambar da ma'auni ya nuna, saura ruwa nawa a tanki, da abin da aka gani ya lalace. In hakimi ya fita rangadi ya nemi littafin, ya kuma sa a shafa farin ƙyalle a gefen faranti a gabansa. Kafin a sa hannu a takardar sayen kaya, malami ya tabbata an auna ruwa, an auna tsawo, an kuma san inda za a sami na canji. Tanki kuwa a cika shi kafin ruwan Satumba ya ɗauke, domin wanda ya bari sai hazo ya sauka ya makara.