CINIKIN BIRI A SAMA: HAƊARIN SAYEN GIDAN HUTU A ƘASAR WAJE

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)

 

Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirya taro da ya ba ni damar tsayawa a gaban waɗanda suka koya mini riƙon alƙalami. An nemi in yi magana a kan wani al'amari da ya fara shiga hirarmu, wato sayen gidan hutu a ƙasashen waje. Dillalai kan kama zaure a manyan otal-otal na Abuja da Legas, su baje hotunan gidaje a bakin teku, su ce a ba da kafin alƙalami, sauran a biya kaɗan-kaɗan kafin a gama gini. Yawanci gidan da ake talla ko tubalin farko ba a aza ba. Wannan shi ne Bahaushe yake kira cinikin biri a sama.

Magana ɗaya nake so mu tafi da ita gida. A ƙasar mutane takarda ce take riƙe da gini, kuma ranar da kotu ta soke takardar, katafila ce take biyo baya. Zan kafa hujja da abin da ya sami waɗanda suka riga mu, yawancinsu Turawa da Larabawa da suka fi mu kusa da wuraren.

Bari mu fara da ƙasar Sifen. A 1988 ƙasar ta kafa dokar gaɓar teku, wadda ta keɓe mita 100 daga bakin ruwa, ta hana gina gidaje da otal a ciki. Duk da haka, a 2003 majalisar garin Carboneras a lardin Almeriya ta ba wani kamfani izinin gina otal mai hawa 21 da ɗakuna 411 a wani wuri da ake kira Algarrobico, 'yan taku kaɗan daga ruwa, kuma a cikin gandun da aka keɓe don kare halittu. A Fabrairun 2006, ana gab da kammalawa, alƙali ya tsayar da aikin. A 2016 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa filin ba na gini ba ne. A 2025 gwamnatin ƙasar ta fara bin hanyar karɓe filin don ta rushe shi. Shekara kusan 20 ke nan ginin na tsaye, baƙo ko ɗaya bai taɓa kwana a ciki ba.

Wani zai ce ai wannan asarar kamfani ce. To, ga ta talaka. A Janairun 2008, a garin Vera da ke wannan lardi, an rushe gidan wasu miji da mata 'yan Ingila da suka zuba kuɗin ritayarsu a ciki. Suna da izinin gini daga majalisar gari, da hatimi da sa hannu. Amma gwamnatin yankin Andalus ta ce filin na noma ne, majalisar ba ta da hurumin ba da izinin. Rigimar tsakanin hukumomi biyu ce, amma a kan waɗannan bayin Allah ta ƙare. Suka koma kwana a garejin motarsu, kuma sai bayan kimanin shekara 10 suka ga diyya, duk da Kotun Tsarin Mulki ta ce a 2013 an tauye musu haƙƙi. Giwaye suka yi faɗa, ciyawa ta sha wuya.

Me ya sa majalisun garuruwa suke ba da izinin da ba shi da tushe? Amsar tana garin Marbella. Can aka gano cewa jami'ai na karɓar cin hanci suna sa hannu a kan gine-ginen da suka saɓa wa tsarin gari, har aka ƙiyasta gidaje kimanin 30,000 ba bisa ƙa'ida suke ba. A Afrilun 2006 gwamnatin tsakiya ta rushe majalisar garin baki ɗaya, kuma a 2013 kotu ta ɗaure da yawa daga cikin masu hannu. Mu da muke aikin gwamnati mun san cewa hatimin ofis ɗaya ba ya ɗaure hannun ofishin da ke samansa. Haka abin yake a Turai ma.

Haɗari na biyu shi ne karyewar mai gini. A ƙasar Turkiyya, kusa da garin Mudurnu, kamfanin Sarot ya fara wani aiki a 2014 mai suna Burj Al Babas, gidaje 732 masu siffar fadar sarakunan Turai, duk iri ɗaya. Da yawa daga masu saye Larabawan yankin Gulf ne, musamman 'yan Kuwait. A 2018 bashi ya danne kamfanin, aiki ya tsaya, ɗaruruwan gidaje suka zama kufai tun ba a shige su ba. Dubai ma da muke sha'awa ta ɗanɗana irin wannan. A rikicin tattalin arziki na 2008 da 2009 farashin gidaje ya faɗi da kusan rabi, ayyuka da dama suka tsaya. Tsibirin Palm Jebel Ali, wanda aka sayar da gidajensa a takarda, sai a 2023 aka sake ƙaddamar da shi. Yaron da aka haifa lokacin da ubansa ya ba da kafin alƙalami ya kusa gama sakandare kafin a koma kan aikin.

Haɗari na uku shi ne asalin fili. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin 'ya'yanmu da ƙannenmu da yawa suna karatu a arewacin tsibirin Saifurus, kuma ana yi wa iyaye tallan gidaje a can. Tun yaƙin 1974 tsibirin ya rabu biyu, Girkawa mazauna arewa suka gudu suka bar filayensu, kuma ban da Turkiyya babu ƙasar da ta amince da gwamnatin arewacin. Wasu ma'aurata 'yan Ingila sun gina gida a kan irin wannan fili. Mai filin na asali ya kai su ƙara a kudu, kotu ta ce su rushe gidan su biya diyya. A 2009 Kotun Tarayyar Turai ta ce za a iya zartar da hukuncin a kan dukiyarsu da ke Ingila, kuma a 2010 suka haƙura suka bar gidan.

Yanzu ga abin da ya keɓanta da mu 'yan Nijeriya. Na ɗaya, da naira muke samu, da dala ko yuro za mu biya. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ɗauki alkawarin biya kashi-kashi, bashinsa ya ninka uku yana zaune, kuma in ya kasa biya, yarjejeniyar kan ba kamfani damar riƙe wani ɓangare na abin da ya riga ya bayar. Na biyu, shiga ƙasar ba a hannunmu take ba. Daga Oktoban 2022 zuwa Yulin 2024 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina ba 'yan Nijeriya biza. Na uku, gado. Ranar da mai gida ya cika, magada za su tsaya ne a gaban kotun wata ƙasa, da harshenta da harajinta da kuɗin lauyoyinta, alhali wasunsu ko fasfo ba su da shi. Na huɗu, ga 'yan'uwana ma'aikata: Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta mana bayyana kadarorinmu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, kuma gidan waje yana cikin abin da za a rubuta, a kuma iya kare inda aka samo kuɗinsa.

Ba ina cewa duk cinikin waje damfara ba ne. Ƙasashen ma sun yi gyara bayan an sha wuya. Dubai ta kafa doka a 2007 cewa kuɗin masu saye a ajiye shi a asusu na musamman da ba a taɓawa sai don ginin. A Sifen, Kotun Ƙoli ta yanke a 2015 cewa bankin da ya karɓi kuɗin masu saye ba tare da tabbatar da lamunin da doka ta tanada ba, shi zai biya su. Amma doka tana amfanar wanda ya san da ita ne, kuma baƙo ko da ido makaho ne.

Saboda haka, duk wanda ya ƙudura niyya, ga shawarwarina:

1. Ya je da ƙafarsa ya ga filin. Gani ya kori ji.

2. Ya ɗauki lauyansa na kansa a ƙasar, wanda ba dillali ko kamfani ne ya haɗa su ba.

3. Lauyan ya binciko a ofishin rajistar filaye: wa ke da filin, akwai jinginar banki a kansa, kuma an ware shi don gini?

4. A tabbatar izinin ginin ya dace da tsarin hukumar da ke sama da majalisar gari.

5. Kada a tura kuɗi asusun mutum. A nemi lambar asusun da hukuma ke sa wa ido, ko takardar lamunin banki.

6. Kada a sa hannu a kan takardar da ba a fassara ba.

7. In da hali, a sayi gidan da aka gama aka ba shi takardar shaidar shiga, ko da ya fi tsada.

8. Kada a taɓa kuɗin sallama daga aiki, ko na makarantar yara, ko gadon marayu.

Wanda dillali ya ce masa sai yau, gobe an rufe, to ya bari a rufe. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daga ƙarshe ina roƙon shugabannin ƙungiya su duba yiwuwar kafa ɗan ƙaramin kwamiti na lauyoyi da ma'aikatan banki da masu safiyo da ke cikinmu, wanda ɗan'uwa zai iya nuna wa takarda kafin ya sa hannu. Allah ya hore mana masana, bai kamata a cuci ɗayanmu muna kallo ba.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya sa albarka a cikin abin da muke nema, ya mai da kowa gidansa lafiya.