KAFIN KA SA ƘAFA A KWALE-KWALE

Jawabi ga matasa a garin Boko

Na san wani zai ce mu a nan Boko, tsakanin Kankia da Kusada, ina ruwanmu da maganar jirgin ruwa? To, Bagwai ba ta da nisa da mu. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da 'yan Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi. Mutum 29 aka tabbatar sun rasu, galibinsu yara. A Mayun 2022, lokacin bikin Sallah, aka sake yi a Mai'adua, nan jiharmu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Wa ke da alhakin kula? Hukumomi biyu ne. Akwai NIMASA, wadda aka kafa a 2006. Aikinta shi ne teku: rajistar manyan jirage, duba lafiyarsu, ba ma'aikatansu takardar shaida, da yaƙi da 'yan fashin teku. Sai NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedikwatarta na Lokoja. Ita ke kula da sufuri a kogunanmu na cikin gida. Dokarta ta hana tafiyar dare, ta hana lodin da ya wuce ƙima, ta wajabta sa rigar kariya.

To amma ranar da kuka isa bakin ruwa, ba lallai ne ku tarar da jami'i ko ɗaya ba. Daga ku sai mai fito, shi kuma kowane kai kuɗi ne a wurinsa. In abu ya faru sai a ce ƙaddara ce. E, mun yi imani da ƙaddara, amma wanda ya cusa yara hamsin a jirgin mutum ashirin za a tambaye shi.

Ku ne ake ba amanar ƙannenku in za a Mauludi ko walima ko ɗaurin aure. Saboda haka ku riƙe waɗannan. Ku ƙirga kawuna kafin a shiga. In ruwa ya kusa bakin jirgi, ku sauko, a yi sawu biyu, ko da za a makara. Rana ta faɗi, a kwana a nan. Ku tambayi rigar kariya, in babu ku shiga da jarkoki marasa komai a rufe gam, don ba sa nitsewa. Kada kowa ya miƙe tsaye a tsakiyar ruwa. In jirgi ya kife, a riƙe jikinsa. Wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa ceto, ya jefa igiya ko jarka.

Za a ce kun cika tsoro. Ku bari a faɗa. Uwar da ta ba ku ɗanta so take ku dawo mata da shi.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kare na baya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.