Ziyarar gidan sarautar Bersay da lambunsa

Hirarmu ta yau za ta kai ku ƙasar Faransa, wani gari da ake kira Bersay. Tsakaninsa da birnin Paris wajen kilomita 20 ne. Nan sarakunan Faransa suka zauna a da. Yanzu babu sarki, gidan ya zama wurin kallo.

Sarki Luwi na 14 ne ya faɗaɗa gidan, ya tare da fadawansa a shekarar 1682. Ɗakunansa sun kai 2,300. In kun shiga, za a nuna muku wani zaure mai tsawon mita 73. Bango guda tagogi 17, ɗayan kuwa madubai 357. A nan aka sa hannu ga yarjejeniyar ƙare yaƙin duniya na farko, a 1919.

Kada ku daɗe a ciki. Ku fita baya, ku ga lambun. Girmansa wajen hekta 800 ne. Ku tuna, hekta guda mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. Ga itatuwa a jere, ga furanni, ga tafkuna da ruwa ke tsartuwa sama daga cikinsu.

To, ku da kuka san wuyar jan guga, tambayar da za ku yi ita ce: ruwan nan daga ina? Bersay ba ta da kogi. Kogin Sen yana can nesa, kuma ƙasa da ita. Sarki ya ce sai ruwa ya hau tudu. Aka kafa wata na'ura a Marli, bakin kogin, aka gama ta a 1684. Tana da manyan ƙafafu 14 da kogi ke juyawa, da famfuna fiye da 200. Suna tura ruwa sama fiye da mita 150. Duk da haka ruwan bai isa ba.

A 1685 aka fara haƙa hanyar ruwa daga wani kogi mai suna Ër. Dubban sojoji aka sa aikin. Zazzaɓi ya kashe da yawa, yaƙi ya zo, aka bar aikin. Ko ɗigo bai iso ba.

Sai masu kula da ruwa suka yi dabara. In sarki ya fito yawo, su buɗe ruwan da ke gabansa. Da ya wuce su rufe, su yi wa na gaba fito.

Kuɗin wannan duka daga harajin talakawa ya fito. A watan Oktoba 1789, zamanin Luwi na 16, burodi ya yi tsada. Matan Paris suka tako da ƙafa har ƙofar gidan. Kashegari suka tafi da sarki da iyalinsa Paris. Tun ran nan wani sarki bai sake zama a Bersay ba. A 1837 aka mai da gidan wurin ajiyar kayan tarihi.

Har yau ba kullum ake sakin ruwan ba, sai ranakun da aka sa. Ran Litinin kuma gidan a rufe yake. Kusa da shi akwai garkar sarki, hekta 9, inda ake noma masa kayan miya da ƴaƴan itace. Ita har yanzu ana nomanta, ɗalibai na koyon aiki a ciki.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.