Tsadar Man Fetur da Abin Hawan Lantarki: Jawabi a Zauren Ƙungiyar Ɗalibai



A watan Afrilu na 1988, sa'ad da gwamnatin Janar Babangida ta ɗaga litar mai daga kwabo 39.5 zuwa kwabo 42, ɗaliban Jami'ar Jos suka fita zanga-zanga, ta kuwa bazu zuwa wasu garuruwa. Mu namu zamanin ya zo da abin da ya fi wannan nauyi. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin mai, nan da nan litar da ba ta kai naira 200 ba ta koma wajen naira 500, sa'an nan a watan Oktoba na 2024 ta haura naira 1,000 a Abuja. Ko da ya ɗan sauka daga baya, bai koma gidan jiya ba.

Sakamakon wannan ba ɓoyayye ba ne. Ɗalibin da ke kwana cikin gari yakan auna kuɗin a-daidaita-sahu da na abincin rana, ya zaɓi ɗaya. Wani ma ya haƙura da laccar safe. Ƙaramin ma'aikaci kuwa albashinsa a hanya yake ƙarewa.

Don haka hankali ya koma ga abin hawa mai aiki da lantarki. Ba ya shan mai, ba ya buƙatar juyen baƙin mai ko canjin fulogi, ba ya hayaƙi. Kuma an fara gwadawa: a watan Disamba na 2023 aka ƙaddamar da tasi-tasi masu lantarki a Maiduguri, a 2024 kuma Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan fetur.

Amma fa kada ɗoki ya ɗebe mu. Batir shi ne mafi tsada a jikin irin wannan abin hawa, daga waje ake kawo shi, ga naira ta faɗi, ga zafin bazara da ke rage masa kwana. Bugu da ƙari, sai da wuta ake caji, alhali kuwa ba mu manta da duhun da Arewa ta kwana ciki ba fiye da mako guda a watan Oktoba na 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna.

To, ina mafita? Muna da rana, kyauta daga Allah. Shawararmu uku ce. Ta farko, ƙungiya ta nemi hukumar jami'a ta kafa rumfar caji mai farantan sola a bakin ƙofa, inda direba zai ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke. Ta biyu, ma'aikata su yi amfani da ƙungiyoyinsu na gama-kai su sayi babura da kekuna masu lantarki, a riƙa biya kaɗan-kaɗan daga albashi. Ta uku, ɗaliban injiniya su mai da aikinsu na shekarar ƙarshe kan sauya injin a-daidaita-sahu da gyaran batir, tun da yake a jihar Nasarawa ake haƙo ma'adinin litiyam da ake yin batirin da shi.

Magabatanmu sun yi ƙorafi a kan titi, haƙƙinsu ne kuwa. Mu sai mu haɗa ƙorafi da aiki, gama da ruwan ciki akan ja na rijiya. Muna roƙon majalisar ƙungiya ta naɗa kwamiti kafin ƙarshen wannan zango.

 Allah ya taimake mu.