MA'AUNIN NASARA A WASANNIN BIDIYO: ALƘALUMA KO RA'AYI?



Batun da aka nemi in yi magana a kansa shi ne wasannin bidiyo, wato wasannin nan da 'ya'yanmu da ƙannenmu suke yi a talabijin, kwamfuta da wayar hannu. Tambayar ita ce, idan aka ce wasa kaza ya yi nasara, shin magana ce da ake iya tabbatarwa da alƙaluma, ko kuwa ra'ayi ne kawai na mai faɗa? Zan kawo misalai uku, sannan in faɗi matsayina.

Na farko shi ne wasan E.T. na kamfanin Atari da ke Amurka. A 1982 fim ɗin E.T. ya karɓu ƙwarai, sai Atari ya biya kuɗin da aka ƙiyasta tsakanin dala miliyan 20 zuwa 25 don samun izinin mayar da shi wasa. Saboda ana son kama kasuwar Kirsimeti, sai aka bai wa mutum ɗaya, Howard Scott Warshaw, kimanin mako biyar ya gama aikin. An sayar da kimanin kaset miliyan ɗaya da rabi, adadin da a zamanin ba kowane wasa ke kaiwa ba. To amma kamfanin ya buga fiye da haka nesa ba kusa ba, masu saye kuma suka yi ta mayar da nasu kantuna don bai gamsar da su ba. A 1983 Atari ya kwashi kayan da suka yi kwantai, har da E.T., ya binne a juji a garin Alamogordo na jihar New Mexico, inda aka tono wasu a 2014. Ga ciniki mai yawa, ga kuma asara.

Na biyu shi ne Okami, wanda wani reshen kamfanin Capcom na Japan mai suna Clover ya fitar a 2006. An zana shi kamar zanen tawada na gargajiyar Japan, masu sharhi suka yaba masa, har wasu suka zaɓe shi gwarzon shekara. Amma bai yi kasuwa ba, kuma zuwa 2007 an rufe Clover. Wanda ya yanke hukunci a wannan shekarar zai ce an faɗi. Sai dai masoyansa ba su daina maganarsa ba, aka sake fitar da shi a 2012 da kuma bayan nan a kan sababbin na'urori, har a 2024 aka sanar za a yi ci gabansa.

Na uku shi ne Tetris, wanda da yawa cikinmu mun buga. Alexey Pajitnov ne ya ƙirƙiro shi a 1984 yana ma'aikacin cibiyar kwamfuta ta gwamnatin Tarayyar Sobiyet a Mosko. Da Nintendo ya haɗa shi da na'urar Game Boy a 1989, sai ya shiga hannun miliyoyin mutane. Amma da yake haƙƙin mallakarsa yana hannun gwamnati, Pajitnov bai fara cin ribar aikinsa ba sai 1996. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To, me muka fahimta? Alƙaluma ba sa ƙarya. Yawan abin da aka sayar, kuɗin da aka kashe, da shekarun da wasa ya yi ana buga shi, duk abubuwa ne da ake ƙirgawa, ba su da ruwa da son ran kowa. Inda gizo ke saƙa shi ne wane adadi za a ɗora a kan sikeli, don wa, kuma a wace shekara. Wannan zaɓi mutum ne yake yin sa. Malamanmu sun fi ni sanin haka, domin ko jarrabawar canki-canka, wadda makinta ba ya karɓar gardama, sai da wani ya zauna ya zaɓi tambayoyin.

Saboda haka ban yarda da mai cewa kome ra'ayi ne ba, domin son da wani yake yi wa Okami bai hana a rufe Clover ba. Haka kuma ban yarda da mai cewa ciniki ne kaɗai alƙali ba, domin da haka ne da E.T. bai ƙare a juji ba. A fara faɗin manufa, sannan a auna.

Wannan ya shafe mu a matsayinmu na iyaye. Idan yaro ya zo ya ce a saya masa wasa don duk duniya shi ake yi, ya kawo ma'aunin kamfani ne. Namu ma'aunin daban ne: awa nawa yake ci, nawa yake ci gaba da karɓa bayan an saya, kuma me yaron ya ƙaru da shi. Waɗannan ma ana iya ƙirga su, matuƙar mun zauna kusa da yaron mun duba.