Jawabi bisa ƙwarnahi da kumburin ciki

Yau zancen ciki za mu yi.

Kowa ya san kukan: wani ya ce "cikina ya ƙabe", wani ya ce "ƙirjina na cin wuta", wani kuwa gyatsa mai tsami ta hana shi barci. Mi ke kawo wannan?

Cikin tumbin mutum akwai wani ruwa mai tsami, shi ke narka abinci. In ka wuni gona da yunwa, da dare ka cika ciki da tuwo ko wake mai tonka da mai, ka kwanta nan take, ruwan nan sai ya hau maƙogwaro. Shayi mai ɗaci, goro da taba suna ƙara wutar.

Da yawa sai su jiƙa kanwa su sha. Gaskiya ne tana kashe zahin na ɗan lokaci, amma tana da gishiri da yawa. Mai hawan jini, mai ciki da mai jego su yi hattara da ita. Wasu kuma su sayi asfirin wurin mai tebur, ba su san shi kansa yana cin tumbi ba.

Ga abin yi:
1. A ci kaɗan-kaɗan, a tauna da kyau.
2. A bar awa 2 ko 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya.
3. A jiƙa wake, a zubar da ruwan kahin a dafa.
4. A wanke hannu da sabuni, a sha ruwa mai tsabta.

In ciwon ya wuce sati 2, a tahi likita, don wataƙila gyambon ciki ne. A 1982 wasu lokotoro 2 na ƙasar Ostiraliya suka gano ƙwayar cutar da ke kawo yawancinsa. Maganin kwana 10 zuwa 14 yana kashe ta, in an sha shi duka.

Amma mai aman jini, ko baƙin kashi kamar kwalta, ko mai ramewa, ko wanda abinci ke tsaya ma wuya, kada ya jira ranar kasuwa. Ciwon ƙirji mai zuwa da zuha, yana sauka ga hannu, yana iya zama na zuciya: a kai mutum nan da nan.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma maƙwabcinsa. Allah ya ba mu lahiya.