Wa Ke Riƙe Da Ruwan Majiya?



Nijar ba ta da bakin teku, amma tana da fadama, kuma rigimar da wasu ƙasashe ke yi da igiyar ruwa ita ce mutanen Tsarnawa ke yi da Majiya. Gulbi ne na damina. Yana tasowa daga duwatsun Adar, wajen Buza, ya ratsa ƙasar Madawa da Malbaza, ya biyo ta Tsarnawa da Ƙonni, ya ƙare a tafkin Kalmalo cikin jahar Sakkwato ta Nijeriya. Watanni kaɗan yake gudu, sauran shekara rairayi ne. Cikin waɗannan watanni ne ake yanke hukuncin ko albasa da alkama za su shiga kasuwa da rani.

Zamanin mulkin Seyni Kountché aka yi aikin da ya sāke fuskar wannan kwari. An datse ruwan da baraji biyu, na Mozage da na Zongo, aka haƙa kanal mai kai shi wurin ajiya na Cerasa, daga nan ya shiga gandun noman rani na Ƙonni mai faɗin hekta 2,452, wanda aka gina kashi biyu tsakanin 1976 da 1982. A 1978 aka kafa ONAHA don ta kula da irin waɗannan gandaye, sannan taron Damagaram na 1982 ya miƙa tafiyar da su ga ƙungiyoyin manoma. A takarda shawara ce mai kyau. A fili kuwa, an bar wa manomi mai ƙaramin fegi nauyin kanal da injiniyoyi suka gina da kuɗin bashi, kuma kuɗin ruwan da ake karɓa bayan girbi ba ya isa gyaran babbar ɓarna.

To, babbar ɓarnar ma ba a kanal take ba. Tana can sama, a tudu. Duk inda aka sare itace, aka nome gangaren dutse, ruwan sama ba ya tsayawa ya shiga ƙasa; sai ya yanko korama, ya kwaso yashi da laka, ya zo ya sauke su a bayan baraji, inda gudunsa ke mutuwa. Kowace damina tana ƙara shimfiɗa. Baraji yana nan tsaye, kowa na ganinsa daga nesa, amma cikinsa na cikewa da ƙasa. Illar kuma biyu ce. Da rani ruwa ba ya kai dukkan fegi, sai a rage filin da za a shuka, ɗan kasuwar da ya ba da kuɗin iri da taki ya shiga neman bashinsa. Da damina kuwa, tafkin da ya cike ba ya iya riƙe ambaliya, sai ruwan ya nemi gonaki da gidajen da aka gina a hanyarsa. Wanda ya ga daminar 2024, wadda ta shafi mutum fiye da miliyan guda a faɗin ƙasa, ba ya bukatar ƙarin bayani.

Ba a ce gwamnati ta naɗe hannu ba. A 2016 Nijar da Amurka suka sa hannu kan yarjejeniyar MCC ta dala miliyan 437, kuma gyaran gandun Ƙonni na cikin manyan ayyukanta; an gyara kanal, an kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Amurka ta dakatar da taimakon. Haka furoje yake, yana da ranar buɗewa da ranar rufewa. Ita laka ba ta san wa'adi ba.

Maganin kuma sananne ne, a Adar ɗin nan aka gwada shi. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogonyaro a kwarin Majiya wajen Buza don tare iska. Daga 1984 furojen Keita, da taimakon Italiya da FAO, ya nuna cewa jeren duwatsu da ramukan tare ruwa suna mai da faƙo gona, mata ne ma suka ɗauki mafi yawan duwatsun. Abin da ya rage shi ne mai riƙe ragama. Baraji da kanal na ma'aikatar gona ne da ONAHA. Itace na ma'aikatan daji ne. Dokar ruwa ta 2010 tana hannun ma'aikatar ruwa, rikicin fili kuma yana zuwa gaban kwamitocin ƙasa da dokar karkara ta 1993 ta tanada. Tun 2011 da Malbaza ta zama gunduma mai zaman kanta, an ƙara wa gulbi ɗaya wani perefe. Kowane ofishi yana da gaskiyarsa da hatiminsa, amma babu wanda za a kira a tambaye shi nawa ƙasa ta shiga Mozage bana.

A Holand, inda ƙasa ke ƙarƙashin teku, tun ƙarni na 13 suke da majalisun ruwa. Iyakarsu tana bin ruwa, ana zaɓen membobinsu, suna karɓar harajinsu. Ba a bukatar kwafo komai daga can, sai wannan guda: kwari ɗaya, hukuma ɗaya, da kasafi daga baitulmalin ƙasa, wadda za ta auna zurfin baraji duk shekara ta karanta sakamakon a bainar jama'a. Manomin tudu, wanda ake roƙo ya jera duwatsu don alkamar wani ta sha ruwa a Ƙonni, dole ya samu kujera da rabonsa a ciki. Ƴan kasuwar albasa su ma, tun da da ruwan suke cin riba, bai kamata su tsaya kallo ba.

Akwai kuma maƙwabci. Yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijar da Nijeriya ta sa Majiya cikin gulabe huɗu da ƙasashen biyu za su raba ruwansu bisa adalci, ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. Duk ƙofar da aka rufe a Zongo, manomin Kalmalo na jin ta a gonarsa, kuma shi ne ranar kasuwa ke tsallako iyaka daga Illela ya zo ciniki Ƙonni.